Lallashin Zuciyar Muridi a kan Rashin Iyaye, da Hukuncin Allura da Muciya a Cikinsa

Bismillahir Rahmanir Rahimi. Allah ya yi daɗin tsira ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, ya yi aminci.

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai rayarwa, Mai kashewa, wanda ya ba mu iyaye aro, yana kuwa karɓar abinsa sa'ad da ya so, babu mai tambayarsa dalili. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, wanda bai ga mahaifinsa ba, mahaifiyarsa kuma ta rasu a Abwa'i yana ɗan shekara 6, domin kada wani maraya ya ce an ɗora masa abin da ba a ɗora wa wanda ya fi shi ba.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana a cikin tafarki, Allah ya datar da ni da ku ga abin da ya yarda da shi. Ni ƙaramin almajiri ne a cikinku, maɗinki a sana'a, ba ni da matsayin yi wa kowa wa'azi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata mas'ala ce da ta faɗo mini a cikin gidana, na rasa amsarta wata da watanni, har Allah ya warware mini ita ta bakin malamina da ta bakin wata tsohuwa da ba ta taɓa buɗe littafi ba. Mas'alar ita ce: muridin da uwarsa ko ubansa ya rasu, sa'an nan ya sami kansa yana ɗinka tufafin mamacin, ko yana dafa abincin da mamacin yake dafawa, yana jin sanyi a ransa da wannan, shin haƙuri yake yi ko kuwa gudun haƙuri? Shin biyayya ce ga iyaye, ko kuwa son duniya ne ya sake riga? Da yawa cikinmu suna jin kunyar tambayar wannan a zawiya, suna zaton ƙaramin abu ne. Lalle a cikinsa akwai haƙƙin Allah, akwai haƙƙin mamaci, akwai haƙƙin magada. Na kasa maganar fasali 5 da hatima.

Fasali na farko, a cikin abin da ya same ni

Inna ta rasu a farkon hunturu, daren Alhamis, bayan jinyar kwana 12. Mahaifinmu ya riga ta da shekaru masu yawa. Mu uku ta bari, ni da yayata da ƙanwata. Muka yi zaman makoki kwana 3, mutane suna shigowa suna cewa, "Ya haƙuri?" ina cewa, "Da godiya," bakina yana faɗin abin da zuciyata ba ta kai gare shi ba tukuna. Da aka naɗe tabarmi, baƙi suka watse, sai gidan ya yi mini faɗi. Nakan zauna wuridin safe, tasbaha tana tafiya a hannuna, hankalina kuwa yana ƙofar ɗakinta yana jiran ya ji tarinta.

A dare na 9 na buɗe adakarta. Ƙanshin turaren wuta da na kanumfari ya taso mini kamar ita ce ta wuce. A ciki akwai zanen saƙi na aurenta, wanda aka rina zarensa a marinar Ƙofar Mata, da farin gwado, da atamfofi waɗanda suka sha wanki har suka yi laushi, da kallabinta na salla. Na kifa fuskata a cikin saƙin, na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta. Na tuna Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yadda ya ji ƙanshin ɗansa tun ayari yana nesa, da yadda Allah ya sanya komowar ganinsa a cikin riga. Sa'an nan hannuna ya kai ga almakashi. Na ƙudura in yanka zannuwan taƙi ɗaya ɗaya, in haɗa su bargo, in sa auduga a tsakani in bi da ɗinki, kamar yadda masu lifidi suke yi wa dawakin sarki da audugar rimi. Kafin assalatu na yanka zane 5, har da saƙin.

Da hantsi yayata ta shigo, ta ga ƙyallaye a kan tabarma. Ta ce, "Wa ya ba ka?" Na ce, "Ai kayan Inna ne, Yaya." Ta ce, "Da ran Inna kayanta ne. Yau na mutum uku ne. Saƙin nan kuwa ba na ɗayanmu ba ne, domin tana kwance ta yi mini wasiyya a kai wa aminiyarta ta bayan masallaci." Ta juya ta fita, ba ta ƙara yi mini magana ba har kwana 6. Ni da na karanta babin gado a cikin Risala, har na biya wa yara shi, ga ni na ci haƙƙin mutum uku a dare ɗaya, ina zaton ƙaunar uwata nake nunawa. Ka sani ya kai ɗan'uwana, baƙin ciki yana da maye irin nasa, kuma Shaiɗan yakan shigo wa muridi ta ƙofar ƙauna sa'ad da ya tarar ƙofar sha'awa a rufe.

Fasali na biyu, a cikin haƙƙin da ke gaba da aikin hannu

Na tafi wurin malamina bayan la'asar, na durƙusa, na ce, "Allah ya gafarta Malam, na yi ɓarna," na zayyana masa. Ya ce in ajiye allura tukuna. Ya tuna mini jerin da malamai suka yi wa abin da mamaci ya bari: a yi masa likkafani da binnewa daga ciki, sa'an nan a biya bashinsa, sa'an nan a zartar da wasiyyarsa matuƙar ba ta wuce sulusi ba kuma ba ga magaji aka yi ta ba, sa'an nan a raba saura. Ya ce zane da tukunya da ludayi duk suna cikin wannan hukunci, kamar yadda gida da gona suke ciki. Kadan akwai maraya a cikin magada, to, abin ya fi tsanani, domin yafewar yaro ba ta zartuwa, kuma babu mai ikon yafewa a madadinsa.

Ya ba ni labarin Jabiru ɗan Abdullahi, Allah ya yarda da su, wanda aka kashe mahaifinsa a Uhudu shekara ta 3 ta hijira (625), ya bar masa bashi da 'yan'uwa mata. Abin da Jabiru ya sa gaba shi ne biyan bashin daga dabinon gonarsu, har Manzon Allah ya zo ya yi addu'a a kan dabinon, ya isa. Ya kuma auri bazawara domin ta kula da 'yan'uwansa. Malam ya ce da wannan ake fara biyayya ga mamaci, abin da ke sanyaya zuciyar ɗa yana bayansa.

Sai muka kira dillaliya ta yi wa zannuwan nan 5 kima kamar ba a yanka su ba. Gadon ya kasu kashi 4, biyu nawa, ɗaya ɗaya na 'yan'uwana mata. Aka lissafa atamfofin a cikin rabona. Na roƙi Yaya da ƙanwata gafara a gaban kawunmu, suka yafe. Saura saƙin. Na ɗauki kuɗinsa na tafi wurin tsohuwar, na gaishe ta, na ce, "Iya, na yanka abin da aka bar miki, ga kimarsa." Ta daɗe ba ta yi magana ba. Sa'an nan ta ce, "Mayar da kuɗinka, ɗan nan. Ni na naɗe mata zanen nan ranar da aka kai ta ɗakin ubanka. Me zan saya da kuɗi da zai yi mini ƙanshinta? Je ka gama abin da ka fara, na halatta maka." Na fito ina jin nauyin yafewarta ya fi mini nauyin faɗan Yaya.

Fasali na uku, a cikin cewa aikin hannu ba ya kore haƙuri

Idan ka ce, "Ashe zikiri bai isa maganin zuciya ba, har muridi zai nemi sanyi a wurin allura?" sai in ce maka, zikiri shi ne magani, babu wani bayansa. Amma mai magani yakan ɗaure majinyaci kafin ya yi masa ƙaho. Gaɓoɓin mai baƙin ciki kamar doki ne da ya tsinke, kadan ba a kafa masa turke ba, ba zai bar mai shi ya zauna ba. Na jarraba wannan a kaina. A kwanakin farko nakan ja wuridi ban san inda na tsaya ba. Da na koma ɗinkin bayan an halatta mini, sai na sanya wa kaina ƙa'ida: kowane sukan allura istigfari ɗaya ga Inna, kowane ƙyalle na gama salati 10. Hannu ya sami abin riƙo, harshe ya bi hannu, a hankali zuciya ta bi harshe. Ban sami halartar zuciya irin ta waɗannan darare ba tun da na karɓi wuridi.

Magabatan wannan tafarki ba su ɗauki sana'a kishiyar zikiri ba. Duba sunayen da Imamu Ƙushairi, wanda ya rasu shekara ta 465 (1072), ya jera a cikin Risalarsa: Abu Hafsin Haddadu maƙeri, Hairun Nassaju masaƙi, Abu Sa'idil Harrazu baduku, Sariyyus Saƙaɗi mai sayar da ƙananan kaya a kasuwar Bagadaza. Ya inganta cewa Annabi Dawuda yana ci daga aikin hannunsa, Annabi Zakariyya kuma masassaƙi ne. An ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana ɗinka tufarsa yana gyara takalminsa a cikin gidansa. Imamu Maliku, wanda ya rasu shekara ta 179 (795), ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Anas ya ga maho 3 a tsakanin kafaɗun Sayyidina Umar, ɗaya a kan ɗaya, alhali mulki yana hannunsa. Daga irin wannan ne sufaye suka riƙi rigar maho, wadda suke kira muraƙƙa'a, har yau kuwa mabiyan Shehu Ibra Fal a ƙasar Sanagal ana gane su da tufafin haɗe-haɗe. Saboda haka haɗa tsohon ƙyalle da tsohon ƙyalle ba baƙon abu ba ne a wurin mutanenmu.

Idan ka ce, "To, kukan da kake yi a kan ɗinkin fa?" sai in ce, Imamu Muslimu ya ruwaito cewa Manzon Allah ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa, ya yi kuka har waɗanda ke tare da shi suka yi kuka, ga shi kuwa shekaru masu yawa sun shuɗe da rasuwarta. Mai Risala, Ibnu Abi Zaidin Ƙairawani, wanda ya rasu shekara ta 386 (996), bai ga laifi ga zubar hawaye ba, kururuwa da kukan makoki ya hana. Hujjatul Islami Gazali, wanda ya rasu shekara ta 505 (1111), ya bayyana a cikin littafin haƙuri da godiya na Ihya'u cewa zafin zuciya da zubar ido ba su fitar da bawa daga sahun masu haƙuri. Abin da ke fitar da shi raki ne, da yage riga, da marin kumatu, da yawan kai ƙara ga mutane, da sauya al'adarsa ta sutura da shimfiɗa da abinci domin nuna ɓacin rai. Ka lura da waɗannan uku na ƙarshe, ya ɗan'uwana. Wanda ya tashi ya ɗinka sutura, ya gyara shimfiɗa, ya hura wuta, yana mayar da al'ada mazauninta ne, to, wannan ya fi kusa da haƙuri bisa wanda ya zauna a lungu ya ƙi ci ya ƙi wanka yana cewa zuhudu yake yi.

Ban ga laifi ba kuma ga ajiye wani abu na mamaci kadan ya faɗo cikin rabonka. Nana Asma'u 'yar Abubakar Siddiƙu ta ajiye jabbar Manzon Allah wadda take wurin Nana A'isha har ta rasu, kamar yadda Muslimu ya ruwaito. Wancan kam tabarruki ne da fiyayyen halitta, ba a haɗa shi da na kowa. Abin da na ɗauka daga ciki kaɗai shi ne sahabbai ba su ƙyamaci riƙe tufar wanda suke ƙauna ba.

Fasali na huɗu, a cikin abinci

Ƙanwata ita ce autar Inna, ita ce kuma ta yi jinyarta. Bayan rasuwar ta daina cin abinci sai abin da ba a rasa ba. Ranar wata Juma'a ta tashi ta niƙa gyaɗa, ta tace, ta ɗora, ta dama kunun gyaɗa irin wanda Inna take aika wa maƙwabta. Ta ɗanɗana, sai ta ajiye ludayin ta fashe da kuka, ta ce bai yi ba, hannun Inna ya tafi da ita. Juma'a 3 tana damawa tana kuka. Mijinta ya so ya hana ta, yana cewa tana tayar wa kanta da ciwo.

Na kai wannan ga Malam, sai ya buɗe Sahihul Buhari ya nuna mini babin talbina. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, kadan aka yi rasuwa a danginta, mata suka taru suka watse, ya rage sai na jiki, takan sa a dafa tukunyar talbina, a yi saridu a zuba a kai, ta umarce su su ci, tana ba su labari daga Manzon Allah cewa talbina tana hutar da zuciyar majinyaci, tana kuma tafiyar da wani sashi na baƙin ciki. Talbina kunu ne na garin sha'ir, wani lokaci da zuma, an kira shi haka domin yana kama da nono a fari da laushi. Saridu kuwa gurasa ce da ake gutsuttsurawa a cikin romo. Malam ya ce in lura, wani sashi aka ce, ba a ce dukkansa ba. Tukunya tana da iyakar abin da za ta ɗauke, saura sai Allah da tsawon kwanaki. Ya ce a bar ta ta dama, amma kada ta dama ita kaɗai.

Sai ta ɗauki ƙwarya ta tafi wurin tsohuwar nan ta bayan masallaci. Iya ta kurɓa, ta yi dariya, ta ce, "'Yar nan, kina zuba tsamiya tukunya tana kan wuta. Uwarki sai ta sauke take zubawa, kaɗan kaɗan, tana juyawa. Ni na koya mata, ni kuma a wurin kakarki na gani." Daga ranar nan ƙanwata ba ta fasa zuwa gidan ba. Ta koyi yadda Inna take gasa daddawa kafin ta daka ta sa a miyar kuka, ta ji labarun ƙuruciyar Inna waɗanda mu 'ya'yanta ba mu taɓa ji ba. Ta tarar kuma tsohuwar ba ta da mai ɗebo mata ruwa, kuma ashe Inna ce take aika mata tuwo kowane dare shekara da shekaru ba mu sani ba. Tun rasuwar akushin ya yanke, ita kuwa kunya ta hana ta faɗi. Kaitonmu, muna cikin kukan rashin uwa, amanar uwar tana kwana da yunwa a bayan katangarmu.

A nan akwai tanbihi. Sunna ita ce maƙwabta da dangi su dafa wa gidan mutuwa. Sa'ad da aka kashe Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi a Mu'uta shekara ta 8 (629), Manzon Allah ya yi umarni a yi wa iyalinsa abinci, domin abin da ya shagaltar da su ya zo musu. Shehu Halilu ya lissafa wannan cikin mustahabbai a Muhtasar. Amma sadakar uku da bakwai da arba'in, malamai sun yi magana mai tsawo a kansu, kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi. Abin da babu saɓani a cikinsa shi ne ba a dafa ta da dukiyar maraya, ba a dafa ta da gadon da ba a raba ba sai da yardar magada. Wanda kuma ya ci bashi ya yanka sa domin kada a ce ya gaza, mutane ya ciyar domin mutane, sai ya nemi ladansa a wurinsu. Ƙwaryar gumba ɗaya da aka daka da halal, aka miƙa wa almajiri da niyya, ta fi wannan nauyi.

Fasali na biyar, a cikin ma'aunin da muridi zai auna kansa da shi

Na gama bargon a cikin wata 3. Tsawonsa kamu 4, faɗinsa kamu 3, ƙyalle 48, saƙin yana tsakiya, gwadon ya zama shafi. Da na yi kalmasar ƙarshe, sai na naɗe shi na sa a adaka. Nakan fito da shi da dare in shimfiɗa in zauna ina kallo. Ban bar kowa ya taɓa shi ba, har na daka wa ɗana tsawa don ya hau kai. Sau biyu na makara zikirin Juma'a saboda shi. Malam ya ga wurina babu kowa a halƙa, ya aiko a kira ni. Ya ce, "Ina bargon?" Na ce, "Yana adaka, Allah ya gafarta Malam." Ya ce, "Wa yake rufa da shi?" Na yi shiru. Ya ce, "Sa'ad da kake ɗinkawa, kowace allura tana kai wa uwarka istigfari. Yau me yake kai mata?"

Wannan tambaya ita ce amsar mas'alar duka. Aikin hannu a lokacin rashi magani ne halal, yana zama ibada kadan amfaninsa ya fita daga hannunka ya isa ga wani, da niyyar ladan ya kai ga mamaci. Kadan ya tsaya a wurinka, ya raba ka da jama'a da wuridi, to, ya koma shamaki, kuma mamacin bai sami kome ba. Mai kabari ba ya jin ɗumin bargo, ba ya ɗanɗana kunu. Abin da ke isa gare shi addu'ar ɗa ce da sadaka. Sa'adu ɗan Ubada, mahaifiyarsa ta rasu ba ya nan, ya tambayi Manzon Allah ko sadaka za ta amfane ta, aka ce masa i, sai ya ba da lambunsa dominta. A wata ruwaya ya haƙa rijiya da sunanta. Wani mutum daga Banu Salima ya tambaya ko akwai sauran biyayya ga iyaye bayan mutuwarsu, aka lissafa masa addu'a, da nema musu gafara, da cika alkawarinsu, da sada zumuncin da ba ya saduwa sai ta wajensu, da girmama abokansu. Manzon Allah da kansa yakan yanka akuya ya yanyanka ya aika wa ƙawayen Nana Hadiza bayan rasuwarta. Abdullahi ɗan Umar ya gamu da wani baƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa, domin uban mutumin masoyin Sayyidina Umar ne.

A ƙasarmu ma muna da abin koyi. Sa'ad da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a Sakkwato shekara ta 1232 (1817), 'yarsa Nana Asma'u ta rayu bayansa shekaru fiye da 40, ta ga rasuwar ɗan'uwanta Muhammadu Bello a 1837 da ta wasu masoyanta, ta yi musu marsiyyoyi. Ba ta rufe ilmin gidansu a adaka ba. Ta tsara shi a cikin waƙoƙin Fulatanci da Hausa, ta naɗa jajis suka kai shi ga matan ƙauyuka, waɗanda ake kira 'yan taru. Kayan aikinta alƙalami ne, nawa allura, na ƙanwata muciya, hukuncin kuwa ɗaya ne.

To, ka auna kanka da tambaya 4. Shin abin da kake aiki da shi ya halatta gare ka? Shin harshenka yana ambaton Allah a kansa, ko ambaton mamaci kaɗai? Shin yana tashinka zuwa salla da halƙa a kan lokaci, ko yana zaunar da kai? Shin akwai mai rai da zai ji ɗuminsa ko ya ƙoshi da shi? Kadan amsa ta yi kyau, ci gaba, Allah ya sa albarka. Kadan ɗaya ta gurgunce, gyara ta kafin ka sake zura zare.

Na ɗauki bargon ran wata Alhamis na kai wa Iya. Ba zan ɓoye muku ba, sau biyu na tsaya a hanya ina so in juya. Ta shafa shi da tafin hannunta, domin idonta ya yi rauni, tana gane kowane ƙyalle tana faɗin sunan bikin da Inna ta ɗaura shi. Da ta kai ga saƙin sai ta ja bargon ta rufa, ta ce, "Allah ya jiƙan aminiyata, ya yi maka albarka." Hunturu biyu ke nan tana rufa da shi, akushin dare kuma ya koma, muna karɓa-karɓa mu uku. Ni kallabin salla na riƙe daga rabona, yana nan cikin gafakata. Har yau kadan na buɗe nakan yi hawaye, ban kuwa ƙara tambayar kowa hukuncinsu ba.

Hatima

Fa'ida: kadan ka ga ɗan'uwa baƙin ciki ya ɗaure shi wata da watanni, ba ya ci, ba ya barci, ba ya iya sana'arsa, ko yana fatan mutuwa, kada ka ce masa rashin imani ne. Wannan ciwo ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya doguwar jimamin rashi a cikin kundin cututtukanta wanda ya fara aiki a 2022, ga wanda abin ya zarce masa wata 6 yana hana shi al'amuran rayuwarsa. Ku kai shi ga likita, ku riƙe shi a halƙa, ku dama masa kunu. Neman magani ba ya warware tawakkali.

Ya ku 'yan'uwana, mutuwa rigar kowa ce. Wanda iyayensa suke da rai, ya tashi yau ya zauna a gabansu, ya tambaye su wa suke aika wa abinci a ɓoye, wa suke bin bashi, wa yake bin su, me suka yi alkawarinsa, domin kada ya tarar da amana bayan an yi kwanaki da yunwa kamar yadda muka tarar. Wanda nasa suka rigaye shi, ya raba gado tukuna, sa'an nan ya ɗauki abin da hannunsa ya iya, ɗinki ko girki ko dashen itace ko gyaran rijiya, ya yi da zikiri, ya ba da shi.

Ya Allah, ka gafarta wa iyayenmu, ka jiƙansu kamar yadda suka rene mu muna ƙanana, ka yalwata kaburburansu, ka isar musu da ladan abin da hannuwanmu suka aikata dominsu. Ka gafarta wa malamanmu da 'yan'uwanmu, rayayyu da matattu. Abin da na yi daidai daga Allah ne, abin da na kuskure daga gare ni ne, wanda ya ga kuskure ya gyara. Ina roƙon duk wanda ya karanta ko aka karanta masa ya yi wa mahaifiyata Fatiha ɗaya tare da nasa iyayen.

Allah ne mafi sani. Tammat bi hamdillahi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.